Yadda Ake Hayar Jirgin Ruwan Alfarma da Ma'aikatansa a Bahar Maliya

Da yawa daga cikinmu an haife mu a Makka ko Jidda, wasu kuma aiki ko karatu ne ya kawo su, amma iyakar saninmu da teku ita ce bakin Kornish, wato wurin shaƙatawa na gaɓar Jidda. A shimfiɗa darduma bayan la'asar, a buɗe fulas ɗin shayi, yara su yi ta guje-guje, a kalli feshin ruwan Sarki Fahad har a kira magariba, a naɗe a koma gida. Abin da ke bayan wancan layin da sama ta haɗu da ruwa kuwa, sai dai a gani a waya. Alhali can akwai tsibirai masu farin yashi da ruwa garai-garai, waɗanda Turawa ke biyan kuɗin jirgin sama su zo gani, mu kuma muna kwana kusa da su.

Na shirya wa danginmu irin wannan tafiya lokacin da iyayenmu mata suka zo Umara daga gida, kuma abin da na koya shi ne zan shimfiɗa a nan. Tun farko zan faɗi ra'ayina: abin da kake biya ba ƙyalƙyalin jirgi ba ne, mutanen da ke cikinsa ne da takardar da kuka sa wa hannu. Duk abin da ba a gama maganarsa a tudu ba, ba za a gama ta a kan ruwa ba.

Fara da ƙirga kawuna

Kafin ka kira kowa, zauna da biro ka rubuta sunan duk wanda zai je, da shekarunsa, da halin lafiyarsa. Dalili shi ne yawancin manyan jiragen alfarma da ake haya a duniya ba sa ɗaukar baƙi fiye da 12, komai girmansu, domin dokar teku ta ƙasa da ƙasa tana ɗaukar jirgin da ya haura haka a matsayin jirgin fasinja, mai wasu ƙa'idodi na daban. Jiragen yini ɗaya na Abhur wasu suna da lasisin ɗaukar fiye da haka, amma kowanne akwai adadin da aka rubuta masa, kuma yaro ɗan shekara 3 kai guda ne a lissafi. Mu mutane ne da ba mu iya cewa ɗan'uwa “babu wuri” ba. A nan dole ka iya. Jami'an tsaron kan iyaka, Haras al-Hudud, da jerin sunaye suke aiki, wanda ba ya cikin jeri a bakin marsa, wato tashar jiragen ruwa, zai tsaya.

Daga nan sai ka yanke: yini ɗaya ne ko kwana za a yi? Idan babu wanda ya taɓa shiga teku a cikinku, shawarata ita ce ku fara da yini ɗaya, ku ga wanda jiri ke kamawa, kafin a zuba kuɗin kwana uku.

Wane ɓangare na teku?

Gaɓar Saudiyya a Bahar Maliya doguwa ce, kuma kowane yanki da halinsa.

Mafi sauƙi ga mazaunin Makka da Jidda shi ne tashi daga Abhur, arewacin Jidda, inda marsoshi suke a jere. Daga can ake zuwa Bayada, wani fili na ruwa mara zurfi a tsakiyar murjani, da wuraren nutso irin su Abu Ɗair. Bayada ba tsibiri ba ne mai bishiyoyi, kuma ranakun Juma'a da Asabar jirage kan cika shi. Wanda ke neman sutura ga iyalinsa ya zaɓi tsakiyar mako.

Umluj tana arewa, a lardin Tabuk, kimanin kilomita 150 bayan Yanbu. A gabanta akwai ƙananan tsibirai fiye da 100, mafi shahara a cikinsu Jabal Hassan. Ruwan can ne mutane ke kwatantawa da na tsibiran Maldibs. Arewa da ita kuma yankin babban aikin yawon buɗe ido na Red Sea Global yake, da tsibiran Shura da Ummahat da Shaibara, da filin jirgin sama da ya fara aiki a 2023. Wannan yanki yana da nasa tsarin shiga, ba kowane jirgi ne ke da izinin ratsa shi ba, sai ka tambaya tun wuri.

Kudu da Jidda, wajen kilomita 200, akwai Al-Lis. Daga nan jiragen kwana ke fita zuwa tarin murjani da tsibiran da ba kowa a kansu, kuma a watannin Maris zuwa Mayu akan ga ƙaton kifin nan mai ɗige-ɗige da ya fi kowane kifi girma a duniya, wanda ba ya cutar da mutum.

Ni dai Farasan ce ta fi kwanta mini a rai, ko da yake ta fi nisa. Tsibirai ne a gaban Jazan, wajen kilomita 40 daga gaɓa, waɗanda UNESCO ta sa cikin jerin wuraren da ake kare halittunsu a 2021. Akwai barewa, akwai dazukan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, akwai tsohon ƙauyen Ƙassar da gidan Rifa'i, attajirin lu'ulu'u, mai zanen farar ƙasa da zai tuna maka da adon gidajen Zariya da Kano. Ga tsofaffi wannan yana da muhimmanci, domin Hajiya ba za ta yini tana iyo ba, tana so ta taka ƙasa ta ga abin da za ta ba da labari. Sai dai Farasan tana kusa da iyakar Yaman, don haka inda jirgi zai iya zuwa ya dogara da abin da hukuma ta yarda a lokacin. Kada ka yi gardama a kan wannan.

Lokaci

Daga Oktoba zuwa Afrilu ko farkon Mayu ya fi. Tsakanin Yuni da Satumba zafi da gumi kan hana sakewa, musamman a kudu. A arewacin teku iska daga arewa take kaɗawa kusan duk shekara, kuma takan ƙaru da rana, shi ya sa masu jirgi ke son tashi da sassafe, su yi doguwar tafiya kafin igiyar ruwa ta tashi. Duba hasashen Cibiyar Yanayi ta Ƙasa kwana biyu kafin tafiya.

Wane irin jirgi?

Iri uku za ka tarar. Mai inji zalla yana da sauri da ɗakuna masu faɗi, amma yana shan mai sosai. Mai filafilai na iska ya fi natsuwa da arahar mai, sai dai yana karkata gefe guda idan iska ta cika, abin da ke tsorata wanda bai saba ba. Na uku shi ne katamaran, mai gindi biyu a jere. Shi nake ba iyalai shawara. Ba ya tangaɗi kamar sauran, yana iya matsawa kusa da gaɓa saboda bai nutsa can ƙasa ba, kuma ɗakunansa sun rabu gida biyu, sai mata su ɗauki ɓangare ɗaya, maza ɗaya, falo a tsakiya.

Dillali da kamfani

Za ka iya zuwa kai tsaye wurin kamfanin da ke da jirgi, ko ka bi ta hannun dillali. A al'adar wannan sana'a mai jirgi ne ke biyan la'adar dillali, ba kai ba, amma ka tambaya ƙarara a rubuta. Ko ta wace hanya ka bi, nemi abu uku: rajistar kasuwanci, wato sijil tijari, lasisin da ya ba jirgin damar ɗaukar baƙi da kuɗi, wanda a yau ya shafi Hukumar Bahar Maliya ta Saudiyya da aka kafa a 2021, da takardar inshora. Instagram da Snapchat cike suke da masu tallar jirage, wasu na gaskiya, wasu kuma jirgin wani suke ɗauka hoto. Kada ka tura kuɗi asusun mutum ɗaya, a tura asusun kamfani mai sunan da ke kan takarda.

Sannan ka je da ƙafarka. Gani ya kori ji. Na taɓa biyan kafin alƙalami bisa hotuna, da na isa marsa na tarar na'urar sanyaya ɗakuna biyu ba ta aiki, ga warin dizal a ƙasa. Da ƙyar aka canja mana jirgi. Tun daga ranar, in na shiga jirgi sai na sauka ɗakunan kwana na shaƙi iskar wurin, na kunna famfo, na danna banɗaki, na ce a nuna mini rigunan ceto har da na yara, da abin kashe gobara, da kwale-kwalen ceto, da akwatin magani. Na kuma duba tsanin da ake hawa daga ruwa, ko dattijuwa za ta iya.

Abin da ya fi duk wannan shi ne ka zauna da kyaftin. Minti goma sun isa. Tambaye shi shekarunsa a wannan ruwa, domin Bahar Maliya cike take da murjani da ke ɓoye dab da saman ruwa, kuma sanin wuri ya fi yawan takardu. Tambaye shi abin da zai yi idan iska ta ɓaci. Wanda ya ce maka “babu matsala” ga kowace tambaya, ka yi hattara da shi. Na ƙwarai zai ce maka wuri kaza ba ya shiga bayan la'asar, wuri kaza ba ya kwana.

Takarda da lissafin kuɗi

Tun ran gini tun ran zane. A nan ne mutane suka fi shan mamaki, don haka zan daɗe a kai.

Farashin da ake tallatawa iri biyu ne. Ƙananan jirage da na yini ɗaya sukan ba da farashi dunƙule, da mai da abinci da ruwan sha a ciki. Manyan jiragen alfarma kuwa, musamman masu bin yarjejeniyar MYBA ta ƙungiyar dillalan jirage ta duniya, kuɗin da ka gani na jirgi ne da albashin ma'aikata da inshorar jirgin kawai. Mai, abinci, abin sha, kuɗin tsayawa a marsa, duk daban ne. Ana biyansu ta wani asusu da ake kira APA, wato kuɗin guzuri da kake bayarwa tun kafin tafiya, yawanci wajen kashi 30 cikin 100 na kuɗin haya. Kyaftin ne ke riƙe shi, yana kashewa yana ajiye rasit. In ya yi saura a dawo maka, in ya ƙare ka ƙara.

Ga misali, don lissafi kawai. A ce kuɗin haya riyal 100,000 ne. Guzuri 30,000. Harajin VAT na Saudiyya kashi 15 cikin 100 ne, wato 15,000 a kan hayar. Tukwicin ma'aikata a al'adar sana'ar tsakanin kashi 5 ne zuwa 15, mu ce 10,000. Ka ga abin da aka tallata a 100,000 ya kai 155,000. Idan karo-karo za ku yi a dangi, wannan adadi na ƙarshe za ka kai musu, ba na farko ba, don kada zumunci ya yi tsami a tsakiyar teku.

Yawanci ana biyan rabi ranar sa hannu, ragowar da kuɗin guzuri kimanin wata ɗaya kafin tashi. Kafin ka sa hannu, tabbatar an rubuta sunan jirgin kansa, ba “jirgi irin wannan” ba. A rubuta ranar shiga da awa, ranar fita da awa, marsar tashi da ta sauka, yawan baƙi, yawan ma'aikata, da awa nawa na tafiyar inji ke cikin farashi. A rubuta abin da zai faru idan kai ka fasa, idan su suka fasa, idan inji ya lalace, idan hukuma ta hana fita saboda iska. Wannan na ƙarshe yana faruwa, kuma gwamma a san tun yanzu ko canjin rana za a yi ko mayar da kuɗi. Idan Larabcinka ko Turancinka na takarda bai kai ba, ba abin kunya ba ne ka kai wa wanda ya iya ya karanta maka layi-layi.

Mai shi ne ke cinye guzuri. Ana auna nisan teku da mil na ruwa, kowanne kilomita 1.852, kuma ƙara gudu kaɗan yana ninka shan mai. Ka ce wa kyaftin ba ku gaggawa. Tsibiri biyu da aka zauna aka more sun fi biyar da aka wuce a guje.

Izini da shaida

Kamfani ne ke neman izinin fita teku daga Haras al-Hudud, aikinka shi ne ka ba su sunaye da lambobin shaida daidai, da wuri. Mazauni ya zo da igamarsa, wato takardar izinin zama, mai rai, ɗan ƙasa da katinsa, baƙo da fasfo da biza. Ga 'yan'uwan da suka zo ziyara ko Umara, tura wa kamfani hoton bizarsu tun kafin ka biya, su tabbatar maka ta wadatar. Wanda takardunsa ba su cika ba, kada a sa shi cikin wannan tafiya, za a jefa shi cikin damuwa, a jefa kyaftin ma. Ajiye lamba 994 a wayarka, ita ce ta gaggawa ta masu tsaron iyaka a teku.

Takardar buƙatu

Kamfanoni masu tsari za su aiko maka da fom na abin da kuke so da wanda ba ku so. Mutane da yawa suna cika shi sama-sama. Kai ka cika shi kamar wasiƙa, domin ta nan ne jirgin zai zama gidanku.

Rubuta cewa kuna salla, kuna son wuri mai tsabta a kan bene da lokacin da za a rage gudu ko a tsaya. Alƙibla tana canjawa da wuri: a ruwan Jidda gabas take, a Umluj kudu maso gabas, a Farasan arewa, ɗan karkata yamma. Kyaftin yana da kamfas, zai nuna maka, sai dai jirgin da ke kan anga yana juyawa da iska, don haka a duba kafin kowace salla. Mai iko ya yi a tsaye, wanda jiri ko tangaɗi ya hana ya zauna. Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, cewa ruwansa mai tsarki ne, mushensa halal ne. Batun ƙasaru da Juma'a kuwa, ka kai wa malaminku nisan tafiyar da yawan kwanakin kafin ku tashi.

Rubuta batun mata dalla-dalla. Kana son a samu mace cikin ma'aikata da za ta riƙa shiga ɗakunansu. Kana son a ware musu lokacin shiga ruwa a wurin da babu wasu jirage, ma'aikata maza su koma gaba, mutum ɗaya mai ceto ya kasance kusa yadda za a iya kiransa. Tambayi inda kyamarorin tsaro suke a jirgin, ka kuma faɗa a fili cewa ba a ɗaukar iyalinka hoto don talla. Wannan suturar ita ce babban dalilin da ya sa hayar jirgi sukutum ta fi shiga cikin taron baƙi. Na ga gwaggona, wadda ta haura 60, ta zauna a matakalar baya ta sa ƙafafunta cikin ruwa tana kallon kifaye masu launi suna kewaya ta, tana ta tasbihi. Da akwai idon baƙi da ba ta yi ba.

Abinci kuma, faɗi mai ciwon suga, mai hawan jini, da wanda jatan lande ke yi wa borin jini. Kukun jirgi zai iya sayadiyya, wato shinkafa da kifi, da gasasshen kifi irin najil ko hamur ko sha'ur, amma bai san miyar kuka ba. Ku zo da kuka da daddawa da yaji da garin tuwo, a nemi izininsa wata daga cikinku ta shiga kicin sau ɗaya. Dattijo in ya kwana biyu bai ci tuwo ba, teku ba za ta yi masa daɗi ba. Idan kuna son kamun kifi, a tambayi kyaftin abin da aka yarda, domin akan hana kama najil a lokacin hayayyafarsa, wajen Afrilu da Mayu, kuma a wuraren da ake karewa ba a kamun kifi sam.

Abu biyu na gidajenmu da ba su dace da jirgi ba: turaren wuta da sabon lalle. Garwashi a jirgi haɗari ne na gaske, kuma hayaƙi yana ta da ƙararrawar gobara, sai a zo da humra da turaren fesawa. Lalle kuma a yi shi kwana biyu kafin tafiya, don in ya taɓa fararen kujeru ko katakon bene ba ya fita, kuma daga kuɗin ajiyarka, wato wanda kamfani ke riƙewa saboda ɓarna, za a cire. Haka manja.

Ranar tashi

Ku zo da jakunkuna masu laushi da ake naɗewa, akwati mai tauri ba shi da wurin zama. Ana cire takalmi a bakin shiga. Mai saurin jiri ya sha maganinsa awa ɗaya kafin tashi, bayan ya tambayi likita idan yana da ciki ko yana shan wasu magunguna. Ɗanyar citta ma tana taimakawa. Wanda zuciyarsa ta fara tashi kada ya gudu ɗaki, ya fito iska ya kafa ido can nesa.

Ku karanta addu'ar shiga jirgi, “Bismillahi majreha wa mursaha”, ta cikin Suratu Hud, sannan kowa ya saurari bayanin tsaro, ka fassara wa tsofaffi da Hausa. Daga wannan lokaci maganar kyaftin ce ta ƙarshe a kan hanya da yanayi, ko da kai ka biya. Idan akwai ƙorafi, kai kaɗai za ka kai masa, a keɓe, ba kowa ya riƙa ba ma'aikata umarni ba. Yara su sa rigar ceto duk lokacin da suke waje, kuma a naɗa babba guda da zai sa musu ido, ma'aikatan jirgi ba masu reno ba ne.

Ruwan daɗi a jirgi ƙididdigagge ne, a taƙaita wanka. Banɗakin jirgi ba ya karɓar komai sai abin da ya fito daga jiki, takarda ɗaya tana iya toshe shi. A cikin ruwa kada a taka murjani ko a ɓalle shi, rayayye ne kuma yana daɗewa bai farfaɗo ba, wani ma yana ƙuna kamar wuta. A sa takalmin roba saboda ƙayar teku da kifin dutse mai dafi da ke kwanciya kamar tsakuwa. Kada a ɗauki dodon koɗi mai siffar mazurari, yana harbi. A wasu tsibirai kunkuru da tsuntsaye ke ƙwai, ba a sauka, kyaftin ya san su. Baƙar fata ma tana ƙonewa a rana ta teku, a shafa mai, a yawaita shan ruwa.

Dawowa

Daren ƙarshe ka zauna da kyaftin ya nuna maka lissafin guzuri da rasit ɗinsa, ku daidaita kafin a isa marsa. Tukwici a sa shi a ambulan a ba kyaftin, shi zai raba, har da mai kula da inji da ba ku cika gani ba. Ku zaga jirgin tare da wakilin kamfani, a tabbatar babu ɓarna, a rubuta ranar da za a mayar maka da kuɗin ajiya. Idan akwai wanda ya yi nutso da tulun iska a bayansa, kada ya hau jirgin sama sai bayan awa 24, don haka a tsara tikitin masu komawa gida da wannan a rai. Kuma ka gaya wa su Hajiya cewa in sun ji ƙasa tana lilo da su a daren farko a gida, ba ciwo ba ne, yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu.